Darasi na Tara: A Rubuta Dukiya Kafin a Ɗaura Aure

A wannan darasi za mu koyi yadda namiji da mace za su rubuta abin da kowannensu ya mallaka, da abin da suka amince a kai, tun kafin ranar ɗaurin aure. Wasu na kiran wannan takarda yarjejeniyar kafin aure. Da yawa in sun ji sunan sai su ce al'adar Turawa ce, ko su ce fata ce ta rabuwa. Ba haka ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. In an umarci mutum ya rubuta bashin da ke tsakaninsa da abokin ciniki, ina ga haƙƙin wanda za su zauna a gida ɗaya?

Kowa da nasa

A shari'ar Musulunci aure ba ya haɗe dukiya. Abin miji nasa ne, abin mata nata ne. Sadaki nata ne ita kaɗai, kamar yadda aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta nuna. Ba na uba ba ne, ba na waliyyi ba ne. Gadon da ta ci, da awakin da take kiwo, da keken ɗinkinta, da kwasar adashinta, duk nata ne. Ciyarwa, tufatarwa da muhalli kuwa suna wuyan miji ko da ta fi shi kuɗi.

Kowa ya san wannan a baki. Matsalar tana zuwa ne idan shekaru suka ja, kaya suka cakuɗe, waɗanda suka shaida suka tsufa ko suka rasu. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na arewacin Najeriya suke aiki da shi, in miji da mata suka yi jayayya a kan kayan gida kuma babu shaida, abin da aka saba gani na mata ne a ba matar da rantsuwa. Abin da aka saba gani na maza ne, ko wanda maza da mata duk suke amfani da shi, a ba mijin da rantsuwa. To ki duba ɗakinki, malama. Firiji, talabijin, janareto, injin markaɗe: wa zai ce na mata ne kaɗai? In iyayenki ne suka saya miki, ko ke kika saya da kuɗin sana'arki, rasit da shaida ne za su tsaya miki.

Mu yi lissafi

A ɗauka mata da miji sun haɗa kuɗi sun sayi fili a kan Naira 900,000. Ita ta sayar da sarƙarta ta gwal ta kawo 300,000, shi ya kawo 600,000. Aka rubuta takardar fili da sunansa kaɗai, don shi ne ya je wurin dillali da mai unguwa. Bayan shekaru Allah ya yi masa rasuwa, ya bar 'ya'ya, filin kuma ya kai 2,400,000.

In babu takarda kuma babu shaida, filin duka zai shiga gado. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas. Za ta sami 300,000. In tana da abokiyar zama, su biyu za su raba wannan tumunin, kowa 150,000.

In kuwa akwai takarda, sai a fara fitar mata da kasonta na saye, ɗaya bisa uku, 800,000. Saura 1,600,000 shi ne gado, tumuninsa 200,000. Ta tashi da 1,000,000 ke nan idan ita kaɗai ce. Ku lura, a nan ba wanda ya yi niyyar zalunci. Magada ba su san ta sa kuɗi ba, mai rabon gado kuma da hujja yake aiki. Shi mamacin ma takardar ta taimake shi, domin ba a binne shi da haƙƙin matarsa ba.

Maza ma suna buƙata

Kada maza su ce darasin mata ne. Akwai mai shagon da jarin na yayansa ne, akwai mai noma gonar gado da ba a raba ba, akwai wanda babur ɗin da yake haya da shi bai gama biya ba. Faɗa wa amarya da waliyyinta gaskiya tun yanzu, a rubuta, don kada gobe 'ya'yanka da 'yan'uwanka su tsaya gaban alƙali. Bashin da ake binka ma ka faɗa. Ɓoye bashi ga wadda za ka aura cin amana ne.

Abin da za a rubuta

A fara da sadaki: nawa ne, lakadan ne ko ajalan, in da saura yaushe za a biya. Wannan yana da amfani ko da an zo maganar hul'i, wato mace ta fanshi kanta daga auren, ko saki kafin tarewa inda rabin sadaki ne haƙƙinta. Sai kayan ɗaki da iyaye suka kai, a lissafa manyan, a ajiye rasit. Sai lefe, a fayyace cewa kyauta ce. Sai abin da kowa ya zo da shi: fili, dabbobi, jari, zinari.

Bayan haka sai sharuɗɗa, kamar ci gaba da makaranta, ko aikin asibiti, ko sana'a a cikin gida, da kuma cewa kuɗin da ta samu nata ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne waɗanda aka ƙulla aure a kansu. Amma ba kowane sharaɗi ne yake tsayawa ba. Wanda ya rushe asalin aure, kamar a ce ba ciyarwa ko ba gado, ɓatacce ne, har yakan taɓa ingancin auren. Don haka a nuna wa malamin da ya san fiƙihu ko lauya kafin a sa hannu.

Ƙasar Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta sa wannan a dokar iyalinta ta 2004: kowa da dukiyarsa, amma ma'aurata na iya rubuta takarda daban a kan yadda za su tafiyar da abin da suka tara tare. 'Yan'uwanmu Kirista masu auren rajista a Najeriya kuma, dokar shari'o'in aure ta 1970 ta ba kotu ikon duba irin wannan yarjejeniya, ta yanke abin da ta ga adalci ne.

Ga samfuri

Ni, wane ɗan wane, na amince cewa keken ɗinki ɗaya, da firiji ɗaya, da awaki huɗu, mallakar wance 'yar wane ne. Sadakinta Naira kaza ne, na biya kaza, saura kaza zan biya a watan kaza. Na yarda ta ci gaba da sana'arta. Duk abin da muka haɗa kuɗi muka saya, za a rubuta sunayenmu biyu da kason kowa.

A ƙasa a sa kwanan wata, da sa hannun ango da amarya, da na waliyyi, da na shaidu biyu adalai. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa, bayan wani da ya yarda da shi ya karanta masa a bayyane. Da boko ko da ajami, duk ya yi. A yi kwafi uku: ɗaya wurin miji, ɗaya wurin mata, ɗaya wurin liman ko wani dattijo. A ɗauki hotonta a waya.

Abin da ya fi hana mutane shi ne kunya. Budurwa ba za ta iya kallon saurayi ta ce a rubuta ba, kuma ba a ce ta yi ba. Aikin manya ne. Baffa ko kawu ya ɗauko maganar ranar sa rana, lokacin da ake maganar sadaki, cikin mutunci: "Alhaji, ga abin da yarinya za ta zo da shi, muna so a rubuta don a huta." Mai niyyar kirki ba zai ji haushi ba.

Aikin aji da na gida

1. Sake lissafin filin idan mamacin bai bar ɗa ko 'ya ko jika ba, inda rabon matar ɗaya bisa huɗu ne.
2. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama kawun amarya, ɗaya wakilin ango, ku gwada yadda za a buɗe maganar.
3. A gida, rubuta abubuwa biyar da ka mallaka ko kika mallaka, da sunan wanda zai iya shaida kowanne. Masu aure ma su yi, su zo da shi ranar darasi na gaba.