Yadda za ka dawo da kuɗinka in an cire amma tiransifa ba ta shiga ba

Tun da na ba da labarin dubu 45 ɗina da suka maƙale ranar da na je sayen shadda Kantin Kwari mutane ke ta tambayata wai ya aka yi suka dawo, to ga shi nan.

1. Kar ka sake turawa. Wallahi nan ake tafka asara, mai shago ya ce bai ga alat ba, layi ya taru a bayanka, kunya ta sa ka sake tura wasu, ka biya sau biyu kenan.

2. Yi sikirinshot ɗin rasit, kwanan wata da lokaci su fito.

3. Kwafi Session ID da ke jikin rasit ɗin, lamba 30 ce, da ita banki ke bin sawun kuɗin. In POS ne riƙe 'yar takardar da ta fito ko da ta nuna bai yi ba.

4. Karɓi lambar wayar mai shagon.

5. Jira awa 24, sau da yawa da kansu suke dawowa.

6. In shiru, shigar da ƙorafi ta cikin manhajar bankinka ko ka taka zuwa reshe.

7. Karɓi lambar ƙorafin ka adana.

Hattara: kar ka zuba lambar wayarka a Facebook kana neman taimako, 'yan damfara za su kira ka a matsayin ma'aikatan banki. Banki ba ya tambayar PIN ko OTP (lambar sirri da ake turo maka a waya), duk wanda ya tambaya kashe wayarka.

8. In sati 2 ya wuce da shigar da ƙorafin banki bai warware ba, rubuta wa Babban Bankin Najeriya (CBN) ta cpd@cbn.gov.ng, ka haɗa da rasit da lambar ƙorafin.