Babi na 7: Ɗinka Bargon Ƙyallaye Don Kyauta

A wannan babi za mu ɗinka ƙaramin bargo da ragowar atamfa, irin wanda za ki kai wa ƙanwarki ranar suna, ko ki ba Inna ta rufe ƙafafunta in sanyin hunturu ya kama a Disamba da Janairu. Ba sai kina da keken ɗinki ba. Allura da zare sun isa. In ba ki taɓa ɗinki ba, kada ki ji tsoro, tare za mu tafi.

Darasi na 1: Kayan aiki

Ki nemi ƙyallayen atamfa, allura, zare mai ƙarfi, almakashi, alli, tef ɗin awo, kwali, da dutsen guga. Ƙyalle ba sai kin saya ba. Ki duba ƙarƙashin keken telan unguwarku, ki roƙe shi, ko ki fito da tsofaffin zannuwan da ba su ruɓe ba. Abin da za ki saya shi ne shafi, wato yadin da zai zauna a bayan bargon. Yadi ɗaya da rabi ya isa. Yadi ɗaya inci 36 ne.

Atamfa kawai za ki haɗa da atamfa. Kada ki sa leshi ko yadi mai santsi, ba sa zama tare. Ki wanke ƙyallayen duka kafin ki yanka, domin wata atamfar tana zuba, wata kuma tana tsukewa. Ki shanya, ki goge.

Darasi na 2: Yanka

Ɗauki tef. Gefen da lambobinsa suka fi girma da tazara, shi ne na inci. Ki auna inci 6 a kan kwali, tsawo 6, faɗi 6, ki yanke. Duk gefe huɗun su zama daidai. Wannan kwali shi ne ma'auninki. Ki ɗora shi a bayan ƙyalle, ki zagaye shi da alli, ki yanka a kan layin. Ki yanka guda 48. Ki ƙirga su da ƙarfi, ki sake ƙirgawa.

Darasi na 3: Rabin inci

Nan ne wurin da aka fi faɗuwa, don haka ki zauna da kyau.

Ɗauki ƙyalle biyu. Kowane ƙyalle yana da fuska, inda launi ya fi haske, yana kuma da baya. Ki haɗa su fuska da fuska. Yanzu ki auna rabin inci daga baki. Rabin inci shi ne dogon layin da ke tsakiya, tsakanin farkon tef da lamba 1. Ki ja layi da alli a nan. A kan wannan layi za ki yi ɗinki. Ba a bakin ƙyalle ba, ba kuma can ciki ba. Rabin inci.

Ki ƙulle zaren, ki riƙa yin ɗinki ƙanana kusa da juna. Bayan kowane taku 4 ko 5 ki koma baya sau ɗaya don ya yi ƙarfi. In kin kai ƙarshe, ki ƙulle. Ki buɗe ki gani. Madalla, kin haɗa biyu.

Ɗauko na uku. Fuska da fuska. Ki auna rabin inci. Ki ja layi. Na san za ki ce ai idonki ya riga ya gane. Bai gane ba tukuna, 'yar uwa. Ki auna. Na huɗu ma ki auna rabin inci, ki ja layi, sannan ki sa allura.

Ga dalili. Ƙyalle 6 ne ke yin jere ɗaya, wato ɗinki 5. In kika ƙara kwatan inci kawai a kowane ɗinki, jeren zai gajarta da inci 2 da rabi. In kin zo haɗa shi da ɗan uwansa, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kusurwoyi ba su haɗu ba, bargo ya karkace kamar tabarmar da ruwa ya daka. Kuma babu gyara sai warwara.

Ina ganin wannan a aji kullum. Mace ta auna na farko da na biyu, hira ta yi daɗi, ta ajiye allin. Haba! Wanda za ki ba wannan bargo jininki ne. Abin da ba za ki yarda tela ya yi miki ba, don me za ki yi wa ƙanwarki? Alli ba tsada gare shi ba. Duk wadda ta kawo min jere ba layin alli a bayansa, zan sa ta warware a gabana.

To, mu ci gaba. Ki yi jere 8. Kowane ɗinki rabin inci. In kin gama jere, ki kwantar da bakin ɗinkin gefe ɗaya da dutsen guga.

Darasi na 4: Haɗa jere

Jere da jere, fuska da fuska, rabin inci. Ki duba mahaɗar ɗinki ta sama ta dace da ta ƙasa kafin ki fara. In kin gama, ki goge.

Darasi na 5: Ciki da shafi

Ki shimfiɗa tsohon zane mai laushi ko siririn bargo, shi ne ciki, wato abin da zai zauna tsakanin ƙyallaye da shafi. Ki ɗora shafi a kansa, fuska sama. Ki kifa haɗin ƙyallayenki a kai, fuska ƙasa. Ki yanke abin da ya yi saura. Ki ɗinke zagaye, ki bar tsawon taƙi ɗaya a buɗe. Ki juyo da shi ta nan, ki rufe ramin. Bargon zai fito faɗi inci 30, tsawo inci 40.

Darasi na 6: Ƙulli

A kowace mahaɗar kusurwa, ki soka zare ya ratsa har baya, ki dawo da shi, ki ƙulle sau biyu don kada ciki ya tattare wajen wanki. In na jariri ne, kada ki sa maɓalli ko duwatsun ado, kuma ki gaya wa mai jego kada a rufe masa fuska da shi.

Aikin gida: Ki kawo jere 2 aji na gaba. Ki rubuta a littafinki ƙyalle nawa ya rage miki cikin 48.