Yadda ake ƙulla harkar kasuwanci a tsibirin Malta

Kafin ka nemi biza, fara duba kalanda. Malta ƙasa ce 'yar ƙarama a tsakiyar tekun Bahar Rum, faɗinta murabba'in kilomita 316 kacal, mutanenta sun ɗan haura rabin miliyan, amma a 2023 ta karɓi masu yawon buɗe ido kusan miliyan 3. Baƙin nan su ke juya akalar kasuwa. Da bazara otal-otal da gidajen abinci na garuruwan Sliema da St Julian's ba su da sukunin sauraron sabon mai kawo kaya, hankalinsu na kan ciniki. Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba ofisoshin gwamnati da yawa rabin wuni suke yi. A makon 15 ga Agusta kuwa, lokacin bikin Santa Marija, kamfanoni da dama kan rufe gaba ɗaya. Ni dai shawarata, ka je tsakanin Oktoba da Mayu.

Daga nan sai takardu. Malta ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta koma amfani da Yuro a 2008, kuma bizar Shengen ake shigarta da ita. Ka samu wasiƙar gayyata daga wanda za ku yi hulɗa da shi, ku tsayar da rana da sa'a tun kana gida.

Da saukarka, sayi layin waya. Kamfanoni uku ne manya: GO da Melita da Epic, lambar ƙasar kuma +356. Soket ɗin wutar lantarki a Malta mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wanda muka saba da shi a Najeriya. Ka dai kula wajen tsallaka titi, don a hagu suke tuƙi, gadon Turawan Ingila da suka ba su 'yanci a 1964.

Ranar zama, ka isa a kan lokaci, cikin shiga ta kamala, ka miƙa hannu a gaisa. Kira mutum da sunan gidansu har sai shi ya ce ka kira shi da sunan yanka. Da Turanci ake yarjejeniya, amma harshensu na gado, Maltanci, daga Larabci ya samo asali, kuma nan Bahaushe ke da sa'a. Talata a bakinsu it-Tlieta ce, Alhamis il-Ħamis, Juma'a il-Ġimgħa, hamsin kuma ħamsin. Ka gaishe su da "bonġu" da safe, ka ce "grazzi" in an yi maka alheri, za ka ga fuska ta saki.

Sai abin da na fi so ka riƙe: iya bakinka. A ƙasa irin wannan kowa ya san kowa. Wanda ka kushe a wannan ofis, ba mamaki surukin wanda za ka gani gobe ne. Siyasa ma a bar ta, domin adawa tsakanin jam'iyyar Labour da ta Nationalist tana ratsa har cikin dangi.

In magana ta kai ga buɗe kamfani, ana yin rajista a hukumar rajistar kamfanoni, wato Malta Business Registry. Nemi akanta ɗan ƙasa ya warware maka lissafin haraji, tunda harajin kaya na VAT kashi 18 cikin ɗari ne. Sallar Juma'a kuma akwai masallacin Mariam Al-Batool a garin Paola, ba nisa da Valletta babban birni.