Yadda ake tabbatar an cire kansar ƙashi tsaf

Tun kafin a shiga tiyata aikin yake farawa. A yi MRI, wato hoton da ke nuna cikin jiki, na ƙashin gaba ɗaya, don ciwon yakan bi ɓargo ya yi nisa, wani lokacin ma ya tsallaka ya ɓulla can gaba. Daga hoton ake auna inda za a yanka.

In an shiga, kar wuƙa ta taɓa ƙullun ko kaɗan, a fito da shi a lulluɓe da lafiyayyen nama ta ko'ina, har hanyar da allurar biyofsi (wadda aka ɗebi ɗan naman ciwon da ita don gwaji) ta bi sai an haɗa an cire, mutane na raina wannan amma fa nan ciwon ke iya dawowa. Sai a ƙwaƙulo ɓargo daga bakin ƙashin da ya rage a tura lab su daskarar su duba nan take, in an ga ƙwayoyin kansa a ƙara yanka.

Abin da aka cire kuma a sa masa zare a nuna sama da ƙasa, a lab su shafe bayansa da tawada don a gane bakin yankan in an yayyanka shi ana dubawa. Kansa ba ta taɓa tawada ba, R0 kenan, wato an cire tsaf. Ta taɓa, R1, wato ƙila an bar saura. Sakamakon yana ɗaukar kwanaki don dole sai an tausasa ƙashin kafin ya yanku.