Yadda ake zana hazon asuba irin na Koro da fentin mai

A gidan adana kayan tarihi na Louvre da ke Faris akwai zanen da mai zane ɗan Faransa Camille Corot, wanda ake furta sunansa Koro, ya yi a 1864 yana tuna tafkin Mortefontaine: ruwa kwance, babbar bishiya ta karkata, mace da yara biyu a gindin wata siririyar bishiya. Mai kallo yakan ji kamar an yi tsit. Abu biyu ne ke haifar da wannan natsuwa: ƙuntata tazarar da ke tsakanin haske da duhu, da tausasa gefen kowane abu. Duka biyun ana koyonsu.

Launi biyar sun isa: fari, baƙi, rawayar ƙasa da ake kira oka, ruwan ƙasa mai duhu da ake kira amba, da shuɗi mai zurfi. Ka ajiye ɗan ja a gefe. Ka nemi allo ko kambas (yadin da ake zane a kai) ƙarami, kamar santimita 25 a 35, da buroshi uku: mai faɗi da tauri, matsakaici, da wani tsoho wanda gashinsa ya baje. Masu zanen wancan zamani da farin dalma suke aiki, amma guba ne. Farin da ake sayarwa yanzu ya fi shi ƙarfi, yana mayar da launi kamar alli, don haka a riƙa karya shi da ɗigon oka.

Kada ka fara a kan farin allo. Ka tsinka amba da man tsinka fenti, ka shafe allon duka, ka goge da tsumma har ya zama ruwan ƙasa mai haske, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu. A kan fari tas ido yana ruɗuwa, kowane launi sai ya zama kamar ya yi duhu.

Lokacin fita yin zane a fili shi ne kafin rana ta ɓullo. Tun a 1800 mai zane Pierre-Henri de Valenciennes ya shawarci ɗalibai kada zanen gwaji a fili ya wuce awa biyu, na fitowar rana ko faɗuwarta kuwa rabin awa, saboda haske ba ya jira. Koro ya yi irin wannan gwaji a Italiya daga 1825 zuwa 1828, da kuma bakin tafkunan Ville-d'Avray inda iyayensa ke da gida. Manyan zanukansa masu hazo a ɗaki ya yi su, da abin da ya tara a ido da takarda.

Ga ainihin aikin. Ka runtse ido har ganye da rassa su ɓace, sai dunƙule-dunƙule. Ka raba abin da ka gani gida huɗu: sama ta fi haske, ruwa na bi mata da ɗan duhu, sai ƙasa, sai bishiyoyin kusa. Ka haɗa waɗannan huɗun a faranti tun kafin ka taɓa allon. Mafi duhunsu kada ya kai baƙi, mafi haske kada ya kai fari. Abin da ke nesa a ƙara masa fari da ɗan shuɗi, domin iskar da ke tsakani tana cinye launinsa. Wanda ya saba da hazon hunturu ya san yadda nesa ke dushewa, sai dai namu ƙura ce mai ja-ja, na arewacin Faransa tururin ruwa ne mai ruwan toka da sanyi.

Koren da aka matso kai tsaye daga bututu shi ke kashe yawancin zanukan masu koyo, yana da tsawa. Ka haɗa oka kashi uku da baƙi kashi ɗaya, za ka sami kore mai laushi. A ƙara fari idan bishiyar na nesa.

Ganye kuma ba a ƙirga shi. Ka ɗebi fenti kaɗan da tsohon buroshin, ka goge mafi yawansa a tsumma, ka riƙa taɓa gefen bishiyar sama-sama yayin da fentin sararin sama ke ɗanye, har su shiga juna. Sannan ka dawo da launin sama ka ɗiga shi cikin rassa, iska ta ratsa. In ka yawaita murzawa, komai zai koma taɓo. Idan hakan ta faru, kankare wurin da wuƙar fenti ka sake, kada ka ɗora wani a kai.

Shafin fenti na farko ya zama mai ƙarancin mai, na bisa su fi shi mai. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, sai ya tsattsage. Ka guji fenti mai kwalta: mai zane Théodore Rousseau na ƙauyen Barbizon a Faransa ya yi amfani da shi, wasu zanukansa suka yi baƙi suka lalace.

Daga ƙarshe sai ɗigon ja guda, kamar hular mai kwalekwale da Koro ya saba sakawa, wadda ke farkar da duk koren da ke kewaye da ita. Ka jingine zanen fuskarsa na kallon bango saboda ƙura, kuma kada a shafa masa banish, wato man da ke kare zane da sa shi sheƙi, sai bayan wata shida.