Yadda ake shirin tiyatar kolostomi da jinyar bayanta

Kolostomi tiyata ce da ake buɗe 'yar ƙofa a jikin ciki, galibi ta hagu ƙasa da cibiya, a fito da bakin babban hanji ta nan, bayan gida ya riƙa zuba cikin jakar da ake mannawa a fata. Ƙofar ana ce mata sitoma. Sankarar hanji, toshewa ko mummunan rauni ne suka fi jawo aikin. Wani na ɗan lokaci ne, a mayar da hanjin idan ya warke, wani kuwa na dindindin. Fara da tambayar likita wanne ne naka.

Sai ka kai masa duk magungunan da kake sha, musamman masu tsinka jini irin su asfirin da warfarin, da na ciwon suga. Shi zai ce a dakata da wanne. Mai shan taba ya ajiye ta tun yanzu, don tana jinkirta warkewar ɗinki. Yawanci ana hana cin abinci awa 6 kafin aiki, wani kuma a ba shi maganin wanke hanji.

Matakin da mutane ke rainawa shi ne zaɓen wurin ƙofar. Ma'aikaciyar jinya za ta sa ka zauna, ka miƙe, ka sunkuya, sannan ta yi alama da alƙalami inda idonka ke gani, nesa da tabo, da ninkin fata, da inda ɗamarar wando ke zama. Kada kunya ta hana ka magana a nan. Ƙofar da ta faɗa cikin ninki, jakarta ba ta daina yoyo.

Bayan ka farfaɗo za ka ga sitoma ja, da danshi, kamar cikin kunci, kuma a kumbure. Taɓa ta ba ya zafi. Iska ce ke fara fita, bayan gida ya biyo baya cikin 'yan kwanaki. Ka tashi ka taka da zarar an ba ka dama, ko zuwa bakin ƙofa ne, hakan na tada hanji yana kuma rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa.

A ganina, kada ka yarda a sallame ka sai ka canza jaka da hannunka ana kallo. Ka ɓare tsohuwar a hankali daga sama zuwa ƙasa, ɗaya hannun yana danne fatar. Wanke wurin da ruwan ɗumi kawai. Sabulu mai maiƙo da man shafawa na hana mannewa. Ka bari ya bushe sarai. Auna ƙofar, ka yanke ramin jakar ya ɗara ta da milimita 2 zuwa 3. Ya yi faɗi, ƙazanta ta ci fata. Ya matse, ya goge sitoma ta yi jini. Manna, ka dafa da tafin hannu kamar minti ɗaya, ɗumin ne ke kama gam ɗin. Awon nan kuma za ka yi ta maimaita shi, domin kumburin na saɓewa cikin mako 6 zuwa 8. Jaka ta kai kashi ɗaya cikin uku, a zubar ko a canza.

A gida, ci kaɗan-kaɗan, tauna sosai, sha ruwa, sabon abinci kuma ɗaya bayan ɗaya don ka gane mai kumbura maka ciki. Ban da ɗaukar kaya mai nauyi har kusan wata 2, kada hanji ya turo fata a gefen ƙofar. Idan ka ga majina na fita ta dubura kada ka firgita, ragowar hanjin ne ke aikinsa.

Ka koma asibiti nan take idan sitoma ta yi duhu ko baƙi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya taso, ko fitar bayan gida ta ɗauke gaba ɗaya ga murɗar ciki da amai.