Yadda Za A Kiyaye Ma'aikatan Titi Daga Gajiya A Abuja

A watan Maris da Afrilu zafin Abuja kan kusanci digiri 40, kwaltar da ake shimfiɗawa kuma tana fitowa daga tifa da zafin kusan digiri 150. Don haka fomen ya fara aiki mai nauyi da ƙarfe 6 na safe, a sassauta daga 12 zuwa 3. A kafa rumfa kusa da inda ake aiki, ana matsar da ita yayin da titin ke tafiya, don idan ta yi nisa ba mai zuwa. Kowane lebura ya sha kofin ruwa duk minti 20, tun kafin ƙishi ya kama shi. Da azumi, a mayar da shimfiɗar kwalta bayan buɗa-baki.

Aikin dare ya fi haɗari tsakanin ƙarfe 2 da 5, lokacin da barci ke fizgar direban rola da na tifa. Kada a bar kowa ya wuce awa 12, kuma a lissafa har da cunkoson Nyanya da Maraba, domin yana cinye masa lokacin barci. Mai ɗaga tuta a canza shi duk awa biyu. Wanda ya fara jiri ko rikicewar magana, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a garzaya da shi asibiti.